Akwatin Ƙanƙara a Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska: Yadda Ake Kula da Rariyarsa

Gabatarwa

Daga birnin Las Palmas da ke tsibiran Kanari, daura da gaɓar arewa maso yammacin Afirka, zuwa tsibirin Sent Lusiya da ke yankin Karibiyan, tafiyar kimanin kilomita 5,000 ce a kan Tekun Atilantika. A ƙarshen kowace shekara ƙananan jiragen ruwa masu yawa sukan kama wannan hanya. Iska ce ke kora su, ta hanyar manyan ƙyallayen da ake ɗaure musu a jikin wani dogon sanda, kuma sukan shafe mako biyu zuwa uku ba su ga tudu ba. A tsakiyar teku babu kasuwa, babu asibiti. Guzurin da aka ɗauko shi za a ci, in kuwa ya lalace to an shiga uku.

Wutar lantarki a irin waɗannan jirage ƙalilan ce, daga 'yan batura take fitowa. Da yawa daga cikinsu a yau suna da ƙaramin firji, amma tsofaffi da ƙanana har yanzu da akwatin ƙanƙara suke ajiye nama da kifi da madara. A gindin wannan akwati akwai wata 'yar rariya wadda faɗinta bai fi yatsa ba. Ana bukatar abu uku daga gare ta a lokaci guda: ta fitar da ruwan da ya narke, ta hana iska mai sanyi tserewa, kuma kada ta zama ƙofar da wari ko ruwan teku za su biyo su shigo. A wannan maƙala za mu duba dalilan kimiyya da ke bayan kowane ɗayan ukun, sa'an nan mu ga yadda matuƙa jirgi suke kula da rariyar. Mai karatu zai tarar cewa yawancin abin da za a ambata darussa ne da ake koyarwa a ajin fiziks da na bayoloji.

Yadda akwatin yake

Ba irin kular da ake ɗauka a hannu ba ce, domin a jikin madafar jirgin ake gina akwatin. Cikinsa na roba mai tauri ne ko ƙarfen da ba ya tsatsa. An kewaye shi da soso mai tauri, irin wanda ke cikin bangon firji, mai kaurin santimita 5 zuwa 10. Murfinsa a sama yake. A ƙasa ana ɗora wani ɗan dandamali mai ramuka, wanda ƙanƙara da abinci za su zauna a kai, ruwa kuwa ya zurare ta ƙarƙashinsa. An ɗan karkatar da daɓen akwatin zuwa kusurwa guda, a nan rariyar take, kuma daga ita tiyo ya ratsa soson ya fita waje.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Mutane sukan ce ƙanƙara tana ba da sanyi. A wurin masana kimiyya kuwa ƙanƙara zafi take sha. Zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi, saboda haka yana ratsa bangon akwatin a hankali dare da rana. Abin mamaki shi ne, duk zafin da ƙanƙarar za ta sha, ma'aunin zafinta ba zai wuce digiri 0 na santigired ba har sai ta narke ƙaf.

Wanda ya fara bayyana wannan al'amari shi ne Joseph Black, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotland, wajen shekarar 1761. Ya lura cewa da a ce ɗan ƙarin zafi kaɗan ya isa ya narkar da dusar ƙanƙara gaba ɗaya, da kowace shekara ambaliya ta share ƙasarsu cikin 'yan sa'o'i. Tun da ba haka ake gani ba, lalle narkewa tana cin zafi mai yawa wanda ma'auni ba ya nunawa. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. A yau mun san adadinsa: kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya zama ruwa. Wannan zafin zai iya ɗumama kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 har zuwa digiri 80.

To, ke nan narkewa ita ce aikin ƙanƙara. Kowane kilo da ya narke zai bar lita ɗaya ta ruwa a gindin akwati. Bari mu yi lissafi da misali. A ce faɗin bangwayen akwatin duka murabba'in mita 1.5 ne, kaurin soso santimita 10, bambancin zafi tsakanin ciki da waje kuma digiri 25. Irin wannan soso yana barin zafi ya ratsa shi da ƙimar 0.025 a ma'aunin wat bisa mita bisa digiri. Idan aka ninka 0.025 da 1.5 da 25, aka raba da 0.1, za a sami kimanin wat 9.4. A cikin sa'a 24 wannan ya kai kilojul 810, wanda zai narkar da kusan kilo 2.4 na ƙanƙara. In kaurin soson santimita 5 ne kawai, asarar za ta ninka ta koma kilo 4.8. Ba mu ma saka buɗe murfi da zuba abinci mai ɗumi a lissafin ba. Wato a kowace rana sai an san yadda za a yi da lita biyu zuwa biyar na ruwa, ko ma fiye.

Matsalar tsohuwa ce. Wani ɗan kasuwar birnin Boston ta Amurka, Frederic Tudor, ya fara safarar ƙanƙarar tafkuna a jiragen da iska ke korawa tun 1806, lokacin da ya kai ta tsibirin Martinik. A 1833 jirgi mai suna Tuscany ya tashi daga Boston da tan 180 na ƙanƙara, ya yi wata huɗu a hanya, ya isa Kalkata ta ƙasar Indiya da kimanin tan 100. Dusar katako da makamantanta aka lulluɓe ta da su don tare zafi. Tan 80 da suka ɓace ruwa suka zama, fiye da rabin tan a kullum, kuma wajibi ne a fitar da shi daga jirgin a zamanin da famfo na hannu ne.

A bar ruwan ko a zubar?

Matuƙa jirgi sun daɗe suna gardama a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa a bar shi suna nuna cewa ruwan da ya narke yanzu yana kan digiri 0, zubar da shi kuwa zubar da sanyi ne. Gaskiya ne, amma nawa ne sanyin? Ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kilojul 4.2. Daga digiri 0 zuwa 5, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa a ƙasa da ita, kilojul 21 ke nan. In aka gwada da 334, kimanin kashi 6 cikin 100 ne kawai. Ruwan ya riga ya gama mafi yawan aikinsa tun lokacin da ya narke.

Illar barinsa kuwa ta fi haka yawa. Ruwa yana isar da zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu. A jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa, ruwan yana kai da komo tsakanin bango da ƙanƙara, yana kwaso zafi daga wannan yana kai wa waccan, yana kuma zaizayar ta. Abin da ya fi muni shi ne cuɗanya: jinin nama da ruwan kifi su gauraya da shi, shi kuma ya shiga ledar cuku ko kwanon man shanu. Saboda haka in yawon yini guda ne, kuma lemon kwalba kawai ke ciki, babu laifi a toshe rariya a bar ruwan. A doguwar tafiya da ɗanyen abinci, zubarwa ita ce daidai.

Iska mai sanyi ma tana zuba

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙofar firji ba takalmi a ƙafarsa ya ji sanyi ya sauko masa a kan yatsu. Dalili shi ne iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Mita ɗaya mai fuska shida, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita guda, na iska a digiri 0 yana da nauyin kilo 1.29, a digiri 30 kuwa kilo 1.16. Bambancin ya kai kashi 10 cikin 100. Shi ya sa ake yi wa akwatin jirgi murfi a sama: ko an buɗe shi, iska mai sanyi tana nan kwance a ciki kamar ruwa a bokiti.

Amma bokitin da aka huda gindinsa fa? Rariyar da aka bari a buɗe haka take. Iska mai sanyi tana gangarawa ta tiyo, wata mai ɗumi kuma tana shigowa ta gefen murfi don cike gurbinta, ba dare ba rana. Zafin da ita iskar kanta ke kawowa ba shi da yawa. Babbar ɓarnar tana cikin laimar da take ɗauke da ita. Iskar teku a digiri 30 tana iya riƙe giram 30 na tururin ruwa a wancan ma'auni na mita ɗaya mai fuska shida, a digiri 0 kuwa giram 5 kawai. Rarar sai ta koma raɓa a jikin ƙanƙara da bango. Tururi kuma idan zai koma ruwa yana sakin nasa ɓoyayyen zafin, kimanin kilojul 2,500 a kowane kilo. Raba 2,500 da 334, za ka ga cewa giram ɗaya na raɓa yana narkar da giram bakwai da rabi na ƙanƙara.

Maganin wannan yana ƙarƙashin kowane bahon wanke hannu na zamani. Shi ne a lanƙwasa tiyon ya yi siffar harafin U, ta yadda ɗan ruwa zai riƙa zama a gindin lanƙwasar ya toshe hanyar iska. Idan sabon ruwa ya sauko, sai ya tura na gabansa ya fice, toshiyar kuma tana nan daram. Ana kiran wannan tarkon ruwa. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotland mai zama a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi wa irin wannan lanƙwasa rajista a 1775 don hana warin kwata dawowa cikin gida ta masai.

Ruwa nawa ake bukata a tarkon? Matsin da iska mai sanyi ke yi a gindin akwati mai zurfin santimita 60 bai kai na kashi ɗaya cikin goma na milimita ɗaya ta ruwa ba. Duk da haka akan ba tarkon zurfin santimita 5 ko fiye, domin jijjigar jirgi tana fantsamar da ruwan, wani kuma yana ƙafewa. Kamata ya yi tarkon ya kasance kusa da akwatin, a kuma naɗe wannan sashe na tiyon da soso, in ba haka ba zai yi ta gumi yana jiƙa katakon da ke kewaye da shi.

Ina ruwan zai nufa?

A gida amsar mai sauƙi ce: ruwa ya gangara ƙasa ya bi kwata. A jirgi kuwa gindin akwatin sau da yawa yana ƙasa da layin ruwa, wato iyakar inda ruwan teku ya tsaya a jikin jirgin daga waje. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko, a sake shi ya zuba a kwarmin jirgi, wato wuri mafi zurfi a ƙarƙashin daɓe inda duk wani ruwa ke taruwa kafin famfo ya kwashe shi. Maƙera jirage da yawa sun yi haka saboda arha, amma ita ce mafi muni. Ruwan ƙanƙara yana ɗauke da ɓurɓushin abinci. Idan ya haɗu da ruwan gishiri a wurin da iska ba ta shiga, wasu bakteriya suna sarrafa sinadarin salfet da ke cikin ruwan teku su fitar da iskar haidirojin salfaid, mai warin baragurbi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ban da wari, kwarmin da kullum yake a jiƙe yana ɓoye yoyo: matuƙin da ya saba ganin ruwa a wurin ba zai lura da ranar da teku ta fara shigowa ba. Bugu da ƙari, in ruwan ya gauraya da man inji, dokokin ƙasashe da yawa sun hana a zubar da shi a teku.

Ta biyu, a tara ruwan a wani ɗan tanki mai murfi, ko jarka, a riƙa juye shi kullum ko a sa masa ƙaramin famfon lantarki. Wannan ta fi tsabta, amma tana bukatar kada a manta.

Ta uku, a haɗa tiyon da famfon hannu ko na ƙafa, wanda zai ɗaga ruwan ya zuba shi a bahon wanke kwanuka, daga nan ya fita teku. Matuƙa da yawa sun fi son wannan, domin bawul ɗin da ke cikin famfon yana tare iska, kuma mutum yana ganin yawan ruwan da launinsa da idonsa.

Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne a haɗa rariyar kai tsaye da wata kafa da ke ƙasa da layin ruwa. Ruwa a bututu biyu masu haɗe da juna tsayi ɗaya yake nema, saboda haka teku za ta hau tiyon ta cika akwatin. In kuma tiyon ya suɓuce, sai ta kwarara cikin jirgin. Evangelista Torricelli, mataimakin Galileo a ƙasar Italiya, ya nuna a 1643 cewa saurin ruwan da ke fita ta huda ya dogara ga zurfinta: a ninka zurfin da 2 da kuma 9.8, a ɗauki tushen murabba'in abin da aka samu. A zurfin rabin mita saurin ya ɗan wuce mita 3 a daƙiƙa. Kafa mai faɗin milimita 13 a wannan zurfi za ta shigo da lita 15 zuwa 25 a minti ɗaya, wato wajen tan guda a cikin sa'a. Ƙaramin jirgi ba zai kai gari ya waye da irin wannan yoyo ba.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta jirgin da iska ke korawa da sauran jirage: ba a miƙe yake tafiya ba. Iska tana karkatar da shi da digiri 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, kuma yana iya kwana da kwanaki a haka kafin a juya shi ya karkata ɗaya gefen. Tiyo mai tsawon santimita 50 da aka shimfiɗa daga hagu zuwa dama, idan jirgi ya karkata da digiri 20, bakinsa ɗaya zai ɗaga da kimanin santimita 17. Gangaren santimita 5 da aka ba shi a tasha ya koma hawa ke nan, ruwa kuma ba ya hawa tudu. Don haka ake son tiyon ya sauka tsaye gwargwadon hali, ko ya bi tsawon jirgin daga gaba zuwa baya. Haka nan kafar da take sama da layin ruwa a tasha tana iya nutsewa idan an karkata. A nan teku tana iya zuƙowa ta tiyon ta haye lanƙwasa, kamar dai yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota. Rigakafinsa shi ne a ɗaga tiyon sama sosai da layin ruwa, a sa wani ɗan bawul a ƙololuwarsa wanda ke barin iska ta shiga ta katse zuƙowar, a kuma sa makulli a kan kafar kanta.

Me ke toshe rariya?

Ɓawon albasa, ƙayar kifi, takardar jikin kwalba da ta jiƙe ta saɓule, yankin leda da kitsen da sanyi ya daskarar, su ne masu fara tsayawa a bakin rariya ko a gindin tarko. Amma babban mai laifi ba a ganinsa da ido. Sanyi ba ya kashe bakteriya, rage musu saurin hayayyafa kawai yake yi. Wasu irinsu, kamar Pseudomonas masu ruɓar da kifi da nama, suna girma a cikin sanyi, Listeria monocytogenes kuwa, mai haddasa mummunar cuta musamman ga masu juna biyu da tsofaffi, tana iya yaɗuwa ko da a kusa da digiri 0. Suna manne wa cikin tiyo su fitar da wani yauƙi da ke kare su daga wanki. Yauƙin yana kama ɓurɓushi, ɓurɓushin yana ciyar da su, hanya kuma tana ta ƙuntata.

Sashen tiyon da ke wajen akwati yana cikin ɗumi, a can kuwa abin ya fi sauri. A yanayin da ya fi dacewa da su, wasu bakteriya suna ninka kansu a kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan biyu a cikin sa'a bakwai. Idan rariya ta toshe, ko jirgi ya karkata, wannan ruwan ne zai dawo ya taɓa abinci. Gudawa da amai a tsakiyar teku, inda ruwan sha a ƙidaye yake kuma mutum biyu ko uku ne ke karɓa-karɓar tuƙi dare da rana, suna iya jefa jirgin duka cikin hatsari.

Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa a ɓoye. Idan mahaɗar rariya da daɓen akwati ta tsage, ruwa zai riƙa tsiyaya cikin soso. Ƙarfin soso wajen tare zafi daga iskar da ke kulle a ƙananan ramukansa yake. In ruwa ya maye gurbinta da shekaru, sai ƙanƙarar da da take kwana shida ta koma kwana uku, katakon da ke ƙasa kuma ya fara ruɓewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyoyin kulawa

1. Kafin tafiya, a zuba lita ɗaya ta ruwa a akwatin, a tara ta a ɗaya bakin. In ta yi jinkiri akwai toshiya, in kuma ta dawo da giɓin da ya wuce abin da tarko ke riƙewa, akwai yoyo.

2. A sa 'yar raga a bakin rariya, a cire takardun jikin kwalabe, a kuma zuba nama da kifi a robobi masu murfi. Babban dunƙulen ƙanƙara ya fi ƙanana daɗewa, domin fatarsa da ke fuskantar zafi ba ta da yawa in aka gwada da nauyinsa.

3. A kullum a fitar da ruwan a lokaci guda, a auna shi, a rubuta. Lita nawa aka samu, kilo nawa ke nan aka rasa, daga nan za a san kwanakin da suka rage wa ƙanƙarar. In adadin ya yi tsalle ba dalili, a duba murfi da tarko. Ruwan ba na sha ba ne.

4. Duk lokacin da aka kwashe kaya, a wanke akwatin da ruwan ɗumi da sabulu, a zura siririn buroshi cikin tiyo, domin yauƙi sai da gugawa yake fita. Bayan nan a bi da ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita 4, a bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye sosai, saboda kulorin yana cin ƙarfe in ya daɗe a kai.

5. Kada a taɓa haɗa bilic da binega ko wani abu mai tsami, ko da sinadarin amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba, ɗakin jirgi kuwa ƙuntatacce ne. Tafasasshen ruwa da magungunan buɗe kwata masu ƙuna su ma suna lalata tiyo da robar cikin famfo.

6. A riƙa duba ƙarafan da suka ɗaure tiyo, da ko ya lanƙwashe ko ya yi tauri. Tiyo mai santsin ciki ya fi mai gargada, wanda ake ganin cikinsa kuma yana nuna datti da wuri. Wanda ya yi baƙi ya ƙi wankuwa, a sauya shi.

7. Idan za a ajiye jirgi, a busar da akwatin a bar murfinsa a buɗe don kada fumfuna ta kama shi. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, inda ake fitar da jirage tudu da hunturu, wajibi ne a zubar da ruwan tarko, domin ruwa yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma yana iya fasa bututu ko famfo.

Gwaji don malamai da ɗalibai

Ba sai an je bakin teku ba. A sami kula biyu iri ɗaya masu rariya a gindi, a haɗa wa kowace tiyo mai tsawo ɗaya. A bar tiyon ta farko ya sauka a miƙe, a lanƙwasa na ta biyu ya yi tarko a cika shi da ruwa tun farko. A zuba ƙanƙara mai nauyi ɗaya a kowace, a sa tsinken ashana a ƙarƙashin kowane murfi don kwaikwayon murfin da ya tsufa, a ajiye su a inuwa guda. Ɗalibai su riƙa auna ruwan da ya fito a kowace sa'a, su zana jadawali, su ninka kowace lita da 334 don sanin zafin da ya shiga. A sake gwajin da damina da kuma lokacin hunturu, a tattauna rawar da laimar iska ta taka.

Gwaji na biyu: a ɗaure tiyon da ake ganin cikinsa a jikin allo da ɗan gangare, a zuba ruwa mai launi, a riƙa karkatar da allon ana auna kusurwa har ruwan ya tsaya, sa'an nan ya juyo baya.

Ga kuma tambaya ta lissafi. Jirgi ya tashi da kilo 40 na ƙanƙara, ana kwashe lita 3.5 na ruwa a kullum. A rana ta nawa ƙanƙarar za ta ƙare, kuma wat nawa na zafi ke shiga akwatin?

Kammalawa

Mun ga cewa ruwan da ke taruwa a gindin akwatin ƙanƙara shaida ce ta zafin da ƙanƙarar ta sha, kuma auna shi yana gaya wa matuƙi kwanakin da suka rage wa guzurinsa. Mun ga kuma cewa hanyar da aka buɗe wa ruwan tana iya zama hanyar fitar sanyi, da shigowar wari da ƙwayoyin cuta, har ma da teku kanta, in ba a sa mata tarko da gangare da makulli yadda ya kamata ba. Dokokin da Black da Torricelli suka gano, da dabarar Cumming, su ne dai ke aiki a firjin gida da kular mai sayar da ƙanƙara da bahon wanke hannu na makaranta. Ɗalibin da ya fahimce su a jirgin ruwa zai gane su a duk inda ya sake cin karo da su.